Karin Maganar Tonawa a Idon Bakabe: Sharhi a kan Littattafan Rattray Biyu

A cikin shekara ta 1913 aka buga wani littafi mai juzu'i biyu a Ingila, mai suna Hausa Folk-lore, wanda ya ƙunshi labarin asali da tatsuniyoyi da al'adu da sana'o'i da karin maganar Hausawa. Bayan shekara uku, watau a 1916, sai aka buga wani mai suna Ashanti Proverbs, wanda ya ƙunshi karin magana 830 na harshen Twi, harshen mutanen da fataken Hausa suke kira Tonawa. Mutum ɗaya ne ya fitar da su duka biyu, shi ne R. S. Rattray, ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka a ƙasar da ake kira Gana yanzu. Ba kasafai akan shimfiɗa littattafan nan biyu bisa tabarma ɗaya a duba su tare ba, domin masu nazarin Hausa sun ɗauki na farko sun bar na biyu, masu nazarin al'ummar Akan kuwa sun yi akasin haka. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba su tare, ta kuma dube su daga ƙasar Kabi, don a ga abin da Bahaushe mai neman koyon karin maganar Tonawa zai samu a cikinsu, da abin da lalle sai ya nema a wani wuri.

Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa Birnin Kabi da Argungu da kurmin Tonawa? Goro ne ya haɗa su. A ƙarni na 19 ayarin fatake yakan taso daga Kano ko Katsina, ya biyo ta Gummi da Jega, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi har ya sauka Salga a ƙasar Gwanja. Can ne ake kwance kanwa da tufafi da fatu, a ɗaure goron da Tonawa suka kawo daga kurmi. Ƙasar Kabi tana bakin wannan hanya, 'ya'yanta kuwa ba su tsaya kallon ayari kawai ba. Mafi shahara a cikin malaman Hausa da suka zauna a wancan gefe, watau Alhaji Umaru na Salga, Bakabe ne ta wajen asali, ko da yake a Kano aka haife shi wajen 1858, shi ya sa ake haɗa sunansa da Alkabawi. Mahaifinsa falken goro ne. Ya zauna Salga, yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, daga baya ya koma Kete-Karachi inda ya yi limanci har ya rasu a 1934. A can nesa da gida ne ya rubuta tarihin Kabi da ajami, wanda Bajamushe Heinz Sölken ya buga daga baya. Shi kansa Rattray ya san Alhaji Umaru, har ya buga wani aikinsa na fassara a 1934.

Saboda haka cuɗanyar Hausa da Twi tsohuwar aba ce. Turawan da suka isa Kumasi a 1817 da 1820, Bowdich da Dupuis, sun tarar da Musulmi zaune a garin suna shiga fadar Osei Bonsu. Har yau kuma kunnen Bahaushe yakan tsinci kalmominsa a kasuwannin Gana: zango ya zama zongo, wake ya zama waakye, ga tuwo zafi da ƙosai suna nan da sunayensu, sai ɗan sauyin lafazi. Abin mamaki shi ne, duk da wannan daɗewar maƙwabtaka, ɗalibin Hausa da ya so ya san karin maganar Tonawa a rubuce sai ya bi ta Ingilishi. Maƙwabci yana bayan danga, amma sai an zagaya ta London ake jin abin da ya ce.

Asalin littafin da alherinsa

Rattray ba shi ne ya tattara karin maganar da ke cikin littafinsa na 1916 ba. Wani ɗan mishan Bajamushe ne, J. G. Christaller, wanda ya daɗe a Akropong, ya buga karin magana 3,600 na Twi a Basel a 1879. Christaller ya jera su bi da bi bisa tsarin abacada, ba fassara ba bayani, domin ya yi su ne don masu jin harshen. Daga cikin wannan rumbu Rattray ya zaɓi 830, ya fassara, ya yi sharhi.

Ba za a hana shi haƙƙinsa ba. Ya kawo kowane karin magana da harshensa na asali kafin fassara, wanda ba kowane marubucin zamaninsa ne ya damu da yin haka ba. Ya warware kalmomi, ya nuna saiwarsu, ya bayyana al'adar da ke bayan wasu. A babin farko, wanda ya shafi Ubangiji da abubuwan bauta, ya yi jayayya da A. B. Ellis, wanda ya taɓa cewa wai daga Turawa Tonawa suka aro sanin Allah Maɗaukaki. Hujjar Rattray ita ce karin maganar kansu, kuma hujja ce mai ƙarfi. Al'ummar da tsofaffinta ke cewa Obi nkyerɛ abɔfra Nyame, watau ba mai nuna wa yaro Allah, ba jiya ta ji labarinsa a bakin baƙo ba.

Amma a bangon littafin nan guda aka ƙara wani ƙaramin suna da ke kiran abin da ke ciki ɗabi'un farko na mutanen da ba su waye ba. Sharhin da ke ciki ya ƙaryata bangon, amma bangon ne mai saye yake fara gani. Wannan aibi ne na zamaninsa, an kuma sha faɗarsa, ba sai an tsaya a kansa ba. Aibin da ya fi cutar da mai koyo wani ne dabam.

Inda gizo ke saƙa

Rattray ya rarraba karin maganar ne bisa abin da aka ambata a cikinsu: na namun daji a babi guda, na tsuntsaye a wani, na dabbobin gida a wani, haka har zuwa sarakuna da bayi da mata da yara. Tsari ne mai sauƙin bi ga mai neman sanin yadda Tonawa ke kallon damisa ko kunkuru. Sai dai karin maganar da ya ambaci kunkuru ba a kan kunkuru yake magana ba. A ce wani ya ɗauki "Kifi na ganinka mai jar koma" ya sa shi a babin kifaye, tsakanin tarwaɗa da giwan ruwa. Bai yi ƙarya ba, akwai kifi a ciki. Amma wanda ya koye shi a wannan babi ba zai san cewa ana jefa shi ne ga mutumin da aka riga aka gano take-takensa ba, ba zai san ko yaro yana iya faɗa wa babba ba, ba zai kuma san da wace irin murya ake faɗarsa ba. Mafi yawan sharhin Rattray ya tafi ne ga nahawu da al'ada. Wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, da abin da ya faru har aka faɗa, ba safai ake samunsu ba.

Su kuwa Tonawa sun riga sun yi wa mai tattara irin wannan gargaɗi. Suna cewa ba a mafarki sai an yi barci, watau karin magana ba ya zuwa sai zance ya kira shi. Sunan abin ma ya nuna haka. Karin magana a Twi shi ne ɛbɛ, yin sa kuwa bu bɛ. Aikatau ɗin bu yana ɗauke da ma'anar karyawa ko lanƙwasawa. Nan fa Bahaushe zai ɗaga kai, domin shi ma "karin" magana ya ce, kamar karin hula ko karin riga, watau an ninke zance an ɓoye tsawonsa a cikin ninki. Harsuna biyu da ba danginsu ɗaya ba sun kalli abu guda sun gan shi a karye. Wanda ya bi ta Ingilishi ba zai taɓa lura da wannan ba, domin kalmar da Ingilishi ke amfani da ita ba ta da wannan hoto. Abin da aka ninke kuwa, sai an san tsawon ƙyallen ake gane ninkin. Littafin ya kawo ninki ya bar ƙyalle.

Haɗarin neman tagwaye

Da zarar ɗalibi ya karanta fassarar karin maganar wata al'umma, abu na farko da yakan yi shi ne ya nemo masa ɗan'uwa a Hausa, ya rubuta su gefe da gefe, ya ɗauka aiki ya ƙare. Wani lokaci hakan yakan yi kusa da daidai. Tonawa suna cewa Ɔkɔtɔ nwo anomaa, ƙaguwa ba ta haifar tsuntsu, Bahaushe kuma ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sun yi kama ƙwarai, ko da yake na Hausa ya fi karkata ga yabo, na Twi kuwa yana yanka ta kowane gefe.

To amma a dubi Ti korɔ nkɔ agyina. Fassararsa a sauƙaƙe ita ce, kai ɗaya ba ya shawara. Nan da nan ɗalibi zai rubuta "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" a gefensa, ya ba su kan magana guda, wai haɗin kai. Amma jinka aikin ƙarfi ne, ana neman hannuwa ne don nauyi. Agyina kuwa wani abu ne takamaimai a zaman shari'ar Akan. Asalin kalmar tsayuwa ce. Idan an gama sauraron mai ƙara da wanda ake ƙara da shaidu a gaban sarki, sai waɗansu dattawa su tashi daga taron su koma gefe su tsaya, su yi shawara a asirce, sa'an nan su dawo da hukunci. Akan ce ma sun tafi tambayar tsohuwa. Saboda haka karin maganar yana faɗar ƙa'idar mulki ne: mutum ɗaya, ko da sarki ne, ba ya keɓewa shi kaɗai ya dawo ya ce an yanke. Dattijon da ya faɗe shi a gaban sarki tunatarwa yake yi masa game da iyakar ikonsa, cikin ladabin da ba za a kama shi da laifi ba. In lalle sai an nemo masa maƙwabci a Hausa, "Shawara ɗaukar ɗaki" ya fi kusa. Ko shi ma nasiha ce ga kowa, ba shi da wata kujera ta musamman a zauren shari'a.

Wurin da tarkon ya fi ɓoyuwa shi ne maganar dangi. Kalmar Twi ta ɗan'uwa ita ce onua, masana harshen kuwa sun mayar da asalinta ga "ɗan uwa", daidai da ginin kalmar Hausa. Bahaushe ya san zafin 'yan ubanci, ya san kuma daɗin ciki ɗaya, saboda haka idan ya ji Tonawa suna cewa dangi runduna ce amma ɗan uwarka shi ne naka, sai ya ga kamar a gidansu aka yi maganar. Alhali kuwa abusua, kalmar da ake fassarawa da dangi, zuriya ce da ake ƙirgawa ta wajen uwa kaɗai. A al'adar Akan ta gargajiya ta nan gado yake bi, ta nan sarauta take bi. Yaro yana duban dukiyar kawunsa ne, ɗan'uwan uwarsa, wanda suke kira wɔfa, har akwai zambon da ake yi wa malalaci mai cewa tun da kawu yana nan ba sai ya yi aiki ba. A ƙasar da ake cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, wannan zambo ba shi da haƙora sai an yi bayani. Haka kuma Abusua dɔ funu, dangi gawa suke so. Ƙorafi ne a kan 'yan'uwan da ba su kula da mutum yana jinya ba, amma da ya mutu sai su fito da dukiya a yi gagarumin bikin makoki. Bakaben da ya saba a yi wa mamaci wanka da salla a kai shi makwancinsa tun rana ba ta faɗi ba, ina zai samo wa wannan tagwai? Ba shi da shi, kuma rashin nasa shi ne darasin. Jadawalin da aka tilasta wa kowane layi ya sami abokin zama yakan share irin wannan darasi.

Karin maganar da ba a furtawa

Akwai wani ɓangare babba da littafin jeri ba zai iya ɗauka ba ko da an so. A wurin Tonawa karin magana ba a baki kaɗai yake ba, ana sassaƙa shi, ana zuba shi da tagulla, ana buga shi a tufa, ana kuma kaɗa shi a ganga. Sarkinsu ba ya magana da jama'a kai tsaye a taro. Yana da kakaki mai suna ɔkyeame, wanda yake karɓar maganar sarki ya gyara ta ya ƙawata ta ya miƙa, ya kuma karɓi ta jama'a ya mayar. Wannan mutum yana riƙe da sanda mai wani sassaƙe a kanta, an lulluɓe shi da zinariya, kowane sassaƙe kuwa karin magana ne. Wata sandar hannu ne riƙe da ƙwai: mulki kamar ƙwai ne, in an matse ya fashe, in an sassauta ya faɗi. Wata kawuna ne uku a haɗe, watau maganar agyina da aka ambata. Sandar da aka zaɓa aka fito da ita ran wata shari'a ta riga ta yi magana tun ba a buɗe baki ba. Haka nan ƙananan ma'aunan tagulla da ake auna garin zinariya da su har ƙarshen ƙarni na 19. A cikinsu akwai kadoji biyu a gicciye, cikinsu ɗaya amma suna faɗa a kan abinci. Masuncin Argungu da ya ga wannan zai fara tunanin kadan da Sarkin Ruwa ke kawarwa kafin a shiga Matan Fada. Batone kuwa 'yan gida ɗaya masu rigimar gado zai gani.

A nan Bakabe yana da wata dama da Baturen Ingila ba shi da ita. Wanda ya taɓa faɗuwa gaisuwa a fadar Argungu ko ta Gwandu a Birnin Kabi, ya ji fadawa sun amsa "Sarki ya gaishe ka" alhali Sarki bai motsa leɓe ba, ya riga ya san cewa girma yana hana yawan magana, ya san kuma amfanin bakin aro. Wanda ya tashi yana jin kotso da kalangu da tambari suna kiran take, ba zai yi mamakin gangunan atumpan masu faɗar karin magana ba, tun da Twi, kamar Hausa, harshe ne mai karin sauti, ganga tana bin hawa da saukar murya. Sai dai kada a zarce a ce ɔkyeame sankira ne ko maroƙi. Aikinsa ya haɗa da jakadanci da bayyana hukunci, muƙaminsa kuma na majalisa ne. Rattray da kansa ya fahimci wannan daga baya, bayan an ɗora shi a kan ofishin binciken al'adun Asante a 1921, ya kuma yi bayaninsa a littattafansa na 1923 da 1929. Amma mai koyon da ya tsaya a littafin 1916 kaɗan zai tsinta daga wannan.

Abin da littafin Hausa ya fi da shi

Idan aka koma ga littafin 1913 sai a ga wani bambanci mai ban sha'awa. A can ba Rattray ne ya rubuta matanin ba. Wani malami Bahaushe mazaunin wancan gefe, Malam Shaihu, shi ya rubuta da ajami da hannunsa, aka buga hoton rubutun nasa a shafi, aka biyo da boko da fassara. Mai karatu yana ganin alƙalamin mai harshen, yana iya kama Rattray in ya karanta ba daidai ba. Sa'an nan karin maganar ba su zo su kaɗai ba, sun zo ne bayan tatsuniyoyi da bayanin aure da suna da sana'a, saboda haka kafin a iso gare su an ɗan san duniyar da suka fito. A littafin Tonawa kuwa hannu uku maganar ta bi: bakin masu ita, alƙalamin Christaller, zaɓin Rattray. Bugu da ƙari, Christaller ya gina rubutunsa ne a kan karin harshen Akuapem, inda mishan ɗinsa yake, ga shi kuwa bangon Rattray Asante ya ce.

Wannan batu na ƙarshe bai kamata ya ba manazarcin Hausa dariya ba, domin tsiyar tana nan gida. Tun daga littafin Merrick na 1905, da na Whitting na 1940, har zuwa na Kirk-Greene na 1966 mai karin magana 500, jeri ne tushen aikin, ɗalibai kuma sun gaji wannan hanya. Mai bincike yakan je Argungu ya zauna da tsohon masunci, tsoho ya ce kihi, shi ya rubuta kifi. Tsoho ya ce homa, shi ya rubuta koma. Tsoho ya ce anka da munka, shi ya mayar aka da muka, wai don daidaitacciyar Hausa. Da an gama sai a sa wa kundin suna karin maganar Kabawa, alhali ba sauran Kabanci a ciki. Homa kuwa a Argungu ba sunan abin kamun kifi ba ne kawai, har sarauta ce ta masunta. Wanda ya goge kalmar ya goge wannan duka.

A wajen Akan an yi ƙoƙarin gyara. Kwesi Yankah ya buga littafi a 1989 wanda ya gina a kan karin maganar da aka ɗauka ana cikin faɗarsu, a zauren shari'a da wurin wa'azi, ya nuna yadda gwani yake sauya siffar karin magana ko ya juya ma'anarsa don buƙatar lokacin. A 1995 ya biyo da wani a kan ɔkyeame kansa. Peggy Appiah da ɗanta Kwame Anthony Appiah da Ivor Agyeman-Duah kuma sun fitar da tarin da ya haura 7,000 mai suna Bu Me Bɛ. Waɗannan su ya kamata mai koyo ya haɗa da Rattray, na Yankah musamman. Amma su ma da Ingilishi suke bayani, Ingilishi kuwa ba shi da kalma guda da ke raba kawu da baffa, ba shi da kishiya, ba shi da sara da sassaƙa irin na fada. Abin da Bature zai cika shafi yana bayani, Bahaushe kalma ɗaya ta ishe shi, wani abin kuma da Bature ya wuce ba tare da tsayawa ba, shi ne Bahaushe zai yi tuntuɓe a kansa.

Masu iya ɗauke maganar daga Twi zuwa Hausa kai tsaye suna nan. Zangon Kumasi cike yake da waɗanda suka tashi da harsunan biyu a baki, suna ciniki da ɗaya suna kwana da ɗaya. Akwai kuma waɗanda ke kusa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba da umurnin korar baƙin da ba su da takardun zama a Gana, mutane masu yawa suka kwaso ya-nasu-ya-nasu suka dawo Nijeriya da Nijar, cikinsu har da waɗanda can aka haife su. Irin waɗannan ba a littafi suka koyi karin maganar Tonawa ba. Sun ji shi ne a bakin mai gonar goro yana ƙin tayi, ko a bakin ɔkyeame ran da aka kai ƙarar bashi, saboda haka suna riƙe da karin maganar tare da ranar da aka faɗe shi. Mai binciken da ya sami ɗayansu kada ya ce masa ya jero karin magana goma, labarin zaman Kumasi zai roƙa, ya bar na'urar ɗaukar magana a buɗe. Wanda yake ɗan shekara ashirin lokacin da aka yi waccan kora, yanzu ya haura saba'in da biyar.